Tabarma Mai Cin Mutum Biyar

Ranar 5 ga Yunin 2021 aka wayi gari Twitter ba ta buɗewa a Najeriya. Gwamnatin Muhammadu Buhari ce ta dakatar da ita bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa. A Rurum Tsohon Gari mafi yawan mutane ba su ma san an yi ba, don damina ta kunno kai, hankali ya koma gona. Amma akwai wasu mutum biyar da ke haɗuwa bayan la'asar a shagon cajin waya, su kam abin ya taɓa su.

Tela ne ya fi shiga damuwa. A Twitter yake baje hotunan ɗinkinsa, ta nan masu saye daga Kano da Abuja suke turo masa awo, ga Babbar Sallah saura mako shida. Sauran su ne Mai Caji, da Mai POS, da Malam da ke koyarwa a firamare, sai ƙaraminsu, ɗalibin da kowa ke kira Auta.

Auta ne ya kawo maganar VPN. Ya ce manhaja ce da ke naɗe saƙon wayarka ta bi da shi ta wata kwamfuta a Holan ko Amurka, daga can ya isa inda ka aike shi, kamfanin layinka kuwa bai san Twitter ka nufa ba. Sun gwada ta kyauta, talla ta ishe su, ga nauyi. Sai suka yi karo-karo suka biya wadda ta yarda waya biyar su hau lokaci guda. Malam ya ɗan ja baya, don ya ji a rediyo Ministan Shari'a Abubakar Malami yana barazanar gurfanar da masu zagaye dokar, amma daga baya ya zuba nasa. Auta ya rubuta kalmar sirrin a takarda ya ba kowa.

"Mu biyar ne, ita ma biyar take ɗauka," in ji shi. "Tabarma ce mai cin mutum biyar. Na shida ya zauna, sai wani ya tashi."

Mako uku aka yi lafiya lau. Shigowar Yuli abu ya rikice. Wannan ya ce tasa sai juyawa take, wancan ya ce tana haɗawa ta yanke. Wani mai saye daga Abuja ya turo wa Tela awon kaya kala huɗu, bai ga saƙon ba sai bayan kwana uku, lokacin mutumin ya kai wa wani. Da yammacin nan Tela ya shigo shagon ko sallamar kirki bai yi ba.

"Kai Auta, faɗa mana gaskiya. Kuɗinmu ka biya da su, ko ta kyauta ka sa mana ka soke sauran a aljihu?"

Auta ya miƙe, idonsa ya kaɗa. Ba asarar Tela ce ta fi ba ni tausayi a wannan labari ba, wannan yaron ne, da ya yi wa manyansa hidima ba ko sisi, aka saka masa da sunan ɓarawo a gaban jama'a.

Malam ya riƙe hannunsa. "Zauna, ɗana. Kai kuma Tela, zato zunubi ne. Kowa ya ajiye wayarsa a kan bencin nan, a duba su ɗaya bayan ɗaya."

Da ta Malam aka fara. Auta ya kashe VPN ɗin tukuna, ya gwada buɗe wani shafi, shafin ya ƙi.

"Malam, ai ba ka da data."

"Ina da ita mana. Yanzun nan na yi WhatsApp."

Ashe ƙaramar datar nan mai araha ya saya, wadda ba ta aiki sai a WhatsApp da Facebook. Irin wannan data, da zarar saƙo ya shiga cikin VPN, kamfanin layi ba ya gane na WhatsApp ne, sai ya nemi data ta gama-gari, babu ita kuwa babu tafiya. VPN ba ta ƙirƙirar intanet, kan wanda kake da shi take hawa. Mutanen Zamfara sun ga haka bayan wata biyu, da aka katse layukan waya a jihar a Satumban shekarar: babu manhajar da ta yi musu rana.

Ta Mai POS kuwa, tun daga fuskar wayar Auta ya ga cutar. Batirinta ya taɓa mutuwa murus, da ta farfaɗo agogonta ya koma wata tsohuwar shekara. Kafin waya ta amince da kwamfutar da ke can waje, sai ta duba takardar shaidarta ta ga ko kwanan watan ya yi daidai, agogon da ya ɓace kuwa yana sa ta ƙi shaida mai kyau. Auta ya mayar da agogon ya riƙa saita kansa daga layi, nan take ta haɗa. Ta Mai Caji tsarin tattalin batiri ne ke kashe manhajar duk sanda fuskar wayar ta yi duhu, aka cire ta daga cikin waɗanda ake kashewa.

Saura ta Tela. Data akwai, agogo daidai, batiri ba ruwansa. Auta ya sauya ƙasa daga Amurka zuwa Ingila, ko kwamfutar can ce ta cika, shiru. A gwaji na uku wani ɗan rubutu ya ɓullo a ƙasa, wanda Tela ya saba sharewa da yatsa ba tare da ya karanta ba: wayoyin da ke kan asusun sun wuce adadi.

Auta ya shiga asusun. Ya fara nuna musu rasit, ga kuɗin, ga ranar biya, bai ce uffan a kai ba. Sannan ya buɗe jerin wayoyin da suka taɓa hawa. Goma sha ɗaya.

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar janareta a baya.

Mai Caji ne ya fara sosa ƙeya. "Ni dai surukina na Kibiya ya roƙe ni. Yayan matata ne, ta ina zan ce masa a'a?" Malam ya ce shugaban makarantarsu ya gani a wayarsa ya nema, shi ma nauyinsa ya ji. Mai POS ya ba wani abokin cinikinsa. Takwas ke nan, saura uku. Auta ya karanta irin wayoyin, Tela ya sunkuyar da kai, don ya gane ta yaronsa na shago. Ya ba shi ne ya riƙa duba masa saƙonni in yana kan keke. Aka kira yaron, ya ce ranar da ya je Rano sayen zare ya ba abokansa biyu, bai ɗauka wani abu ba ne tunda ba kuɗi ya ɗauka ba.

Cikin su biyar, Auta kaɗai ne bai ba kowa ba.

Tela ya daɗe bai ɗago ba. "Ƙanena, na zalunce ka. A gaban mutanen nan na faɗa, a gabansu nake neman gafara."

"Ya wuce, Yaya," in ji Auta, muryarsa na rawa. Ya fitar da duk wayoyin daga asusun, ya canza kalmar sirri, ya karɓi wayar kowa ya shigar da ita da hannunsa, ba takarda wannan karon. Suka yi yarjejeniya: wanda ke son shigar da wani ya kawo maganar gaban kowa, in an yarda a ƙara kuɗi a faɗaɗa asusun. Haka suka tafi har 13 ga Janairun 2022 da aka ɗage dakatarwar.

Amma a daren farko bayan canza kalmar sirrin, ana idar da sallar isha'i wayar Mai Caji ta yi ƙara. Kibiya ce. Ya dubi wayar har ta kusa katsewa, sannan ya ɗaga, suka gaisa, aka tambayi iyali da ruwan sama.

"Abin nan da ka ba ni ya lalace fa," in ji surukin.

Mai Caji ya haɗiye yawu. "Bai lalace ba, Yaya. Mu muka canza shi. Na ba ka abin da ba nawa ni kaɗai ba, har wani ya yi asara. In kana so, gobe zan kai maganarka wajen sauran, ka zuba naka."