Kunyar Wa Ce?

Akwai wani fim na Amurka mai suna The Believer, wanda Henry Bean ya shirya, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finai na Sundance a 2001. Ryan Gosling ne ya fito a matsayin Danny Balint, wani matashi a birnin Niyok da ke aske kansa ƙwal, yana yawo da riga mai tambarin Nazi, yana dukan Yahudawa a titi. Abin da abokan ta'asarsa ba su sani ba shi ne, shi kansa Bayahude ne. Ba ma Bayahude na suna ba, a'a, ɗalibi ne da ya yi karatun addininsu har yana ja da malami a aji.

Kada a ce ai tatsuniyar 'yan fim ce. An samo tushen labarin daga rayuwar Daniel Burros, wanda ya shiga jam'iyyar Nazi ta Amurka, daga baya ya zama jigo a ƙungiyar Ku Klux Klan ta jihar Niyok, alhali iyayensa Yahudawa ne.

To, me ke sa mutum ya tsani jininsa haka? Amsar da ta fi sauƙi ita ce a ce taɓin hankali ne, a wuce wurin. Ni dai ban gamsu da ita ba, saboda wani wuri guda a fim ɗin.

Bayan wani faɗa da suka tayar a gidan abinci, alƙali ya tilasta wa Danny da 'yan ƙungiyarsa su zauna su saurari tsofaffin da suka tsira daga kisan kiyashin Hitila. Wani dattijo ya ba da labarin yadda sojan Jamus ya soke ɗansa ƙarami da wuƙar bakin bindiga a gaban idonsa. Ka san abin da ya harzuƙa Danny? Ba sojan ba. Uban ne. Ya taso masa da faɗa: don me ka tsaya kana kallo, don me ba ka yi komai ba? Ka ji fa. An kashe yaro, ga wanda ya kashe shi, amma tuhumar ta faɗa kan wanda aka bari da gawa.

Nan ne, a ganina, ciwon yake. Danny bai tsani Yahudawa don ya yarda da ƙaryar Nazi ba. Ya fi waɗanda ke kewaye da shi sanin cewa ƙarya ce. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne kasancewarsa daga mutanen da aka taɓa yi wa haka. Rauninsu yake jin kunya. Tun yana yaro a makaranta abin ke cin sa: da aka zo ƙissar Annabi Ibrahim da yanka ɗansa (su a wurinsu Ishaƙu ne, mu kuma mafi yawan malamanmu Isma'ila suka ce), shi bai ga biyayya a ciki ba, miƙa wuya ga mai ƙarfi kawai ya gani. Da ya girma sai ya yanke wa kansa cewa duniya gida biyu ce, mai riƙe da wuƙa da wanda aka kwantar, kuma shi ba za a sake kwantar da shi ba.

Mu faɗi gaskiya, tambayarsa ba ta banza ba ce gaba ɗaya. Duk wanda aka taɓa wulaƙanta mahaifinsa a gabansa, mahaifin ya yi shiru don a zauna lafiya, ya san wannan zafin. Mu da ke zaune a garin wasu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga yaron da aka haifa a unguwar nan, an kira shi "aboki" da sigar raini tun yana firamare, ya girma ba ya son a ji shi yana Hausa a cikin mota, har in ana zagin masu turin baro shi ne mai fara dariya. Ban ce ɗaya suke da Danny ba, tazarar tana da nisa ƙwarai. Amma lissafin iri ɗaya ne: an ɗauke kunyar daga kan mai raini an ɗora wa wanda aka raina.

Kuma lissafin kuskure ne. Dattijon nan ba shi da makami, soja ne a gabansa da bindiga. Abin da zai iya yi kawai shi ne ya mutu tare da ɗan. Wanda ke zaune lafiya a Niyok bayan shekara hamsin, cikinsa a ƙoshe, shi ne zai auna masa jarumta? Fim ɗin ma bai ƙyale Danny ba: hoton nan ya riƙa dawo masa, wani lokaci ya ga kansa a kayan sojan, wani lokaci a matsayin uban.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ranar da suka fasa wurin ibadar Yahudawa. Abokansa suka jawo naɗaɗɗen littafin Attaura suna wasa da shi har ya yage. Danny, wanda ya kawo su, ya kasa jurewa. Ya ɗauke shi ya kai ɗakinsa, ya zauna yana liƙe wurin da ya yage a hankali. Har budurwarsa ya koya wa karanta Ibrananci. Bakinsa na zagi, hannunsa na gyara. A ƙarshe ya dasa bam a wurin ibada ranar Yom Kippur, babbar ranar azuminsu, sannan ya je ya ja musu addu'a da kansa. Da lokaci ya matso ya ce kowa ya fita, shi ya tsaya.

Wannan ƙarshen na fim ne, mai shiryawa ya ba shi damar ceton wasu. Burros na gaskiya bai samu haka ba. Ranar 31 ga Oktoba 1965 jaridar New York Times ta buga cewa shi Bayahude ne. A ranar ya harbe kansa a garin Reading na jihar Pensilbaniya, a gidan wani abokinsa ɗan Klan, yana da shekara 28.