Ko Son Gida Biyu Munafunci Ne?

A gida biyu na tashi. A Ƙaraye, gidan mahaifina, rediyo ba ya hutawa duk ranar da Kano Pillars ke wasa, kuma a bakin Baba na fara jin "Sai Masu Gida" tun kafin in san ma'anarta. Ina yaro ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar Nijeriya a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A Rogo kuwa, inda nake zuwa hutu, akwai kawuna, ɗan asalin Funtuwa, wanda fatauci ya zaunar a can. Shi ba ya jin kira sai na Katsina United, kuma shi ne ya fara kai ni filin wasa na Muhammadu Dikko. Da haka na wayi gari ina son ƙungiyoyi biyu waɗanda magoya bayansu ba sa ga maciji da juna.

Abokaina na jami'a sun raɗa mini suna Jemage, wai ba ni cikin tsuntsaye ba ni cikin dabbobi. Ɗayansu ma ya faɗa mini kai tsaye cewa mai son kowa ba ya son kowa, kuma abin da nake yi munafunci ne. Maganar ta daɗe tana cina, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Goyon baya alkawari ne, alkawari kuwa kaya ne. Wanda ya raba ƙafa yana iya zama ɗan ba-ni-na-iya da ke jira ya ga inda nasara ta karkata, sannan ya ce dama can nan yake. Idan haka ne halina, lalle sunan ya dace da ni.

Ban sami amsa ba sai a shekarar 2022. A watan Afrilu ƙungiyoyin biyu suka haɗu a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano. Wasan bai kai ƙarshe ba, domin wasu 'yan kallo sun ta da hatsaniya, har aka farfasa motar 'yan wasan Katsina. Hukumar gasar ta ci Pillars tara, ta kuma hana ta wasa a gida. Da daddare na tarar da Baba zaune shiru. Na ce, "Baba, abin da aka yi bai dace ba." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Da bakin wa kake magana, nawa ko na kawunka?" Na ce, "Da naka, Baba. Kai ka koya mini cewa mai gida ba ya jifan baƙo." Bai amsa ba, amma washegari da kansa ya kira Kawu ya jajanta masa.

A ƙarshen wannan kakar duka biyun suka faɗa rukuni na ƙasa. A nan na gane bambancin da ke tsakanina da munafuki. Munafuki yakan riƙe gida biyu ne domin duk inda ta faɗi ya sha. Ni kuwa sau biyu na yi rashi a kaka guda, ban kuma koma neman wata ƙungiya ta uku ba. Ashe ba yawan waɗanda kake so ne ke auna amana ba, tsayuwarka tare da su ranar da ba su da abin ba ka ita ce ma'auni. Da suka dawo babban rukuni tare a 2023, na yi murna ba tare da jin kunyar kowa ba.

Kuskuren abokaina shi ne sun ɗauka so ba ya cika sai an haɗa shi da ƙin wani. Bahaushe kuwa ya daɗe da bambanta abokin hamayya da abokin gaba. Bakano da Bazazzagi suna zolayar juna, haka Bafulatani da Babarbare, haka ni da ɗan Kawu, taubashina, ba a kuma taɓa cewa zolayar ta raba zumunci ba. Kano da Katsina kansu sun gwabza yaƙe-yaƙe a zamanin da, amma duka biyun suna cikin Hausa Bakwai, kuma ba a daina auratayya da ciniki tsakaninsu ba. Ni kaina ɗan irin wannan aure ne. In ƙi ɗaya daga cikin biyun, kamar in ce da jinin jikina ya rabu ne.

Ba zan ɓoye cewa wannan matsayi yana da tsada ba. Ranar da suka haɗu, murnata ba ta cika. Idan Rabi'u Ali ya zura ƙwallo, nakan miƙe tsaye, sai fuskar Kawu ta faɗo mini in koma in zauna. Mai gida ɗaya yana da wani farin ciki tsantsa wanda ni ba zan taɓa ɗanɗana ba, kuma na haƙura da shi. Abin da na samu a madadinsa shi ne ba na iya ganin wanda ke zaune a ɗaya ɓangaren filin a matsayin abin jifa, domin na san a gidansa na ci tuwo. Har yau abokaina Jemage suke kirana, ni kuma ina amsawa.