Fasali A Kan Wayon Da Ba A Gadonsa

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, akwai wata dabba a cikin teku wadda Larabawa su ke kira akhɗabuɗ. Hannuwanta 8, zukatanta 3, jininta shuɗi ne, kuma dangin dodon koɗi ce. Masu binciken duwatsu sun ce kakanninta sun bayyana tun kimanin shekara miliyan 500, suna cikin ɓawo mai tauri irin na katantanwa. Da zamani ya yi tsawo zuriyarta ta rabu da wannan garkuwa, wayo ya zama makaminta: tana sake launi nan take, tana buɗe murfin kwalba, tana gane mai ba ta abinci.

To, ga abin lura. Mafi yawansu ba su wuce shekara 2 a duniya. Uwa tana tsaron ƙwayayenta ba ta cin kome, har a tekun Kalifoniya an ga wadda ta yi wata 53 a kan nata, daga 2007 zuwa 2011. Da sun ƙyanƙyashe sai ta mutu. Saboda haka kowane ɗa ya kan fara koyo daga farko, babu mai karantar da shi.

Shin wayo irin wannan ya isa a kira shi ilmi? Ni ina ganin bai isa ba, domin ilmi shi ne abin da na baya ya karɓa daga na gaba, ya ƙara, ya miƙa. Ita dabba tana da uzuri, ba a ba ta tsawon kwana ba. Amma wanda ya ga jikokinsa, sa'an nan ya tafi kabari da abin da ya sani, mene ne uzurinsa? Allah shi ne mafi sani.