Tona Asiri Don a Hana Tona Asiri

Wata rana a ɗakin malamai, wani abokin aikina mai koyar da zane ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hotunan wani bajekolin fasaha da aka yi a birnin Milan na ƙasar Italiya. Ban ga zanen fenti ko sassaƙa ba. Fuskokin mutane ne jere a bango, ɗaruruwa, kamar katin jarrabawa. Tun daga ranar wata tambaya ta hana ni sakat, shi ya sa na kawo ta gaban masu karatu.

Sunan bajekolin Training Humans, kuma gidauniyar Prada ce ta buɗe shi a watan Satumba na 2019. Mutum biyu suka shirya shi, Trevor Paglen mai ɗaukar hoto da Kate Crawford mai bincike. Abin da suka baje shi ne hotunan da ake ɗura wa kwamfuta don ta koyi gane fuskar ɗan Adam, tun daga shekarun 1960. Akwai na fursunoni, akwai kuma waɗanda aka kwaso daga intanet ba da sanin masu su ba. Har sun yi wata manhaja da za ka ba ta hotonka ta faɗi ko kai wane iri ne, sai ga shi tana laƙaba wa bayin Allah sunayen cin mutunci, musamman baƙar fata. Da surutu ya yi yawa, masu rumbun hotunan da ake kira ImageNet suka sanar za su cire hotuna kimanin 600,000.

To, aiki ya yi kyau ke nan? A nan fa gizo ke saƙa. Cikin abin da aka liƙa a bango akwai hotunan wasu mata goma 'yan ƙasar Japan, waɗanda suka yarda a ɗauke su a shekarun 1990 don binciken ilmi kawai. Ɗaya daga cikin masu binciken, Michael Lyons, ya fito ya yi ƙorafi cewa ba wanda ya nemi izinin matan kafin a baje fuskokinsu ga 'yan kallo. Wato masu kukan an yi leƙe ba sallama, su ma sun shiga ba sallama.

Mu Hausawa mun daɗe da sanin wannan magana, ko da ba mu rubuta ta ba. Dubi yadda ake gina gida a Bebeji ko Kiru. Ƙofar zaure ba ta kallon ƙofar cikin gida. Sai an karkata ta, don kada idon mai wucewa ya zarce tsakar gida. Magini bai karanta falsafa ba, amma ya san ido ma baƙo ne, sai an yi masa iso. Addini kuma ya hana bin diddigin asirin mutane, yaro ma ya ji wannan a makarantar allo.

Kada mai karatu ya ce ai ƙauye ne gidan sa-ido. Gaskiya ne, tsohuwar da ke bakin rijiya ta san wanda ya shiga da wanda ya fita. Amma ita ma ana ganin ta. In ta wuce gona da iri za a yi da ita, za ta ji kunya, gobe kuma tare za a haɗu a gidan suna. Na'ura fa? Tana kallon ka, ba ka kallon ta, ba ta mantuwa, ba ta jin nauyin kowa. Tun Disamba 2020 da gwamnati ta ce a haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, iyayenmu mata suka bi layi aka ɗauki fuskarsu da yatsunsu, a zaɓen 2023 ma na'urar BVAS ta duba su. Wa ya taɓa gaya musu inda hoton ke kwana, da wanda ke da makullin ɗakin?

Ban ce a farfasa kyamarori ba. Duk wanda ya taɓa ratsa dajin Falgore da magariba, tsakanin Tudun Wada da Doguwa, a shekarun da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi hanyar, ya san da zai so a ce akwai wani ido a sama da ke tsaron sa. Tsoro kan sa mutum ya sayar da sirrinsa da araha, kuma ban ga laifinsa ba.

Saboda haka ina ganin aikin waɗannan masu fasaha yana da amfani, domin sun juyo da na'urar ta fuskance mu, mun ga abin da take ci da abin da take amayarwa. Sai dai akwai wanda hanyarsa ta fi kwanta mini. Hasan Elahi, haifaffen Bangaladash mazaunin Amurka, an tsare shi a filin jirgin saman Detroit a 2002 bisa zargin ta'addanci, hukumar FBI ta yi watanni tana tuhumar sa kafin ta ƙyale shi. Sai ya shiga wallafa inda yake a kowane lokaci, da hoton abincin da ya ci, da gadon da ya kwana, har da bayan gidan da ya shiga, dubbai a kan dubbai, har bayanin ya yi yawan da ya zama shirme. Ya yi wa masu leƙe dariya, kuma da rayuwarsa ya biya kuɗin, bai ɗauki ta wani ba.

Abokin nawa bai yarda da ni ba. Ya ce likita ba ya warkar da ƙurji sai ya buɗe shi, kuma da ba a baje fuskokin ba, da hotuna 600,000 ɗin nan suna nan inda suke. Na kasa ba shi amsa a take, har aka kaɗa ƙararrawa. A hanyar aji na tambaye shi: in an kawo bajekolin nan Gidan Makama a Kano, aka liƙa hoton da aka ɗauki Inna ranar rajista, mayafinta a janye, za ka sayi tikiti? Ya ce zai saya, amma ba zai gaya mata ba.