Ilimi Mai Tsufa da Ilimi Mai Ɗorewa a Koyar da Gina Shafukan Intanet

Koyar da gina shafukan intanet a jami'a na ɗauke da tambayar da ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba: me ya hau kan malami ya koyar, abin da kasuwa ke nema bana, ko abin da zai yi amfani bayan bana ta wuce? Tambayar ta fi tsanani a wannan fanni domin kayan aikinsa na saurin tsufa. AngularJS ya fito a 2010, ya yi tashe, amma zuwa ƙarshen 2021 Google ya daina kula da shi. Flash ma Adobe ya rufe babinsa a ƙarshen 2020. Ɗalibin da irin waɗannan kaɗai ya haddace, kafin ya gama hidimar ƙasa rabin karatunsa ya zama labari.

Kan cancantar fannin kansa babu wata gardama. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya haɗa da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa. Dalilinsa shi ne rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su, idan gari ya rasa mai yi, laifi ya hau kan kowa. A yau da rajistar JAMB da duba sakamakon jarrabawa da hulɗar banki suka koma kan shafuka, ƙiyasin a fili yake.

Wahalar tana wajen tantance tushe daga reshe. Malaman zaure ba sa barin ɗalibi ya kutsa manyan littattafai bai san nahawu ba. Sai ya bi ta Ajurumiyya, daga baya Alfiyya, domin nahawu mabuɗi ne da ba ya tsatsa. Harsunan yi wa rubutu alama su ne nahawun wannan fanni. Asalinsu na komawa ga GML, wanda Charles Goldfarb da abokan aikinsa biyu suka ƙirƙiro a kamfanin IBM a 1969. Daga nan aka sami SGML a 1986, a kansa Tim Berners-Lee ya ɗora HTML a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, sannan XML ya biyo baya a 1998. Duka suna kan ƙa'ida ɗaya: a bayyana matsayin kowane yanki na rubutu, take ne ko sakin layi ko jadawali, a bar maganar ado daban. Don haka ne aka fitar da CSS a 1996 ya ɗauki nauyin launi da girman haruffa.

A nan ne batun ya zama na amana. A ce ɗalibai biyu sun gina shafi. Na farko ya kumbura rubutun take ya yi masa kauri, na biyu ya sa masa alamar h1. A fuskar kwamfuta babu mai bambance su. Amma makaho mai amfani da manhajar da ke karanto masa shafi, a wurin na biyu zai ji jerin take ya tsallaka inda yake so, a wurin na farko kuwa sai ya saurari komai tun daga sama. Hoton da ba a rubuta masa bayanin alt ba, ko dai manhajar ta wuce shi, ko ta karanto sunan fayil marar ma'ana. Tun 1999 ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idoji kan wannan. Malamin da ke ba da maki da kallon kyan shafi kawai yana koya wa ɗalibi, ko bai faɗa ba, cewa aikin da ido bai gani ba ba shi da hisabi. Wannan mummunar tarbiyya ce, kuma wanda ake zalunta da ita ba ya cikin ajin balle ya yi magana.

Masu Hausa ma abin ya shafe su kai tsaye. Shafin da ba a tsara shi kan UTF-8 ba yana iya mayar da ƙ da ɗ da ɓ alamun tambaya, kuma fom ɗin da ya ƙi karɓar haruffa masu lanƙwasa yana tilasta wa Ɗanladi ya sauya rubutun sunansa. Ajami kuwa sai an faɗa wa shafi cewa rubutun daga dama yake tashi. Gyaran layi ɗaya ne ko biyu, amma sai wanda aka koya wa ya damu zai tuna.

Masu cewa a fifita kasuwa suna da hujja mai nauyi: ɗalibi zai ci abinci, kuma mai ɗaukar aiki kayan yayi irin su React zai tambaye shi. Bai dace a raina wannan ba. Abin da ya kamata shi ne a kiyaye tsari, a fara da HTML da CSS da JavaScript tsantsa, sannan a kawo kayan yayi a shekarun ƙarshe a matsayin misali, tare da gaya wa ɗalibi matsalar da kowanne ya zo warwarewa. Akwai kuma bambancin mallaka. Kayan yayi da yawa kamfani ne ke riƙe da linzaminsu, ya ga dama ya ajiye. Fasahar yanar gizo kanta kuwa CERN ta sake ta kyauta ga kowa a ranar 30 ga Afrilu 1993, kuma ƙa'idojinta a buɗe suke, ɗalibi a Zariya ko Damagaram zai iya karanta su ba tare da biyan ko sisi ba.