Saki ɗaya, kora biyu

Sakin aure a wajenmu, daga Damana har Filinge, abu ne mai ciwo, amma ciwon yana da iyaka. Mace ta gama idda, ta kwashe kayan ɗakinta, ta koma gidan ubanta. Gidan miji ta bari, ba gari ba. Rijiya tana nan, kasuwa tana nan, ba mai tare ta ya ce ina takardarki. To, ga ƴan uwanmu da aure ya kai Turai ko Amurka, saki ɗaya yana iya zama kora biyu: daga gida, kuma daga ƙasa. Tambayata ita ce, wannan adalci ne?

A Faransa, wanda ya auri ɗan ƙasa ana ba shi takardar zama, amma sabunta ta ya rataya ga sharaɗin cewa suna zaune tare. Sai aure ya kai shekara 3 ake neman takardar shekara 10, sai ya kai 4 ake neman zama ɗan ƙasa. In an rabu kafin nan, ana iya ƙin sabunta takardar, a ba mutum kwana 30 ya fice. A Amurka, tun dokar 1986, auren da bai kai shekara 2 ba katin wucin gadi na shekara 2 ake bayarwa a kansa, kuma bisa ƙa'ida mata da miji tare suke neman a tabbatar da shi.

Ni da nake karatun harshe, kalma guda ce ta tsaya mini a rai: zama. Muna cewa zaman aure, muna cewa takardar zama. Bahaushe bai taɓa gama su ba. Na farko yarda ce tsakanin mutum biyu, na biyu tsakanin mutum ne da hukuma. Dokokin can sun ƙulle su da igiya ɗaya, kuma bakin igiyar yana hannun mai ƙasa. In ya yi fushi, ba sai ya ɗaga hannu ba, ya isa ya ce, "Gobe zan je in gaya musu mun rabu." Ai ka ga mutum guda ya zama miji, ya zama kuma mai gadin iyaka. Haka samarinmu da suka auri Turawa suke ciki, sai dai a wajensu matar ce mai igiya.

Kurfayawa da Zabarmawa sun san kora. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar Ghana, a 1983 Najeriya ma ta kori baƙi. Amma waccan gwamnati ce ta yi ta a fili. Wannan kuwa wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya ne yake riƙe da ita.

Hukuma tana da hujjarta, ban raina ta ba. Akwai auren takarda, wanda ake ɗaurawa don biza kawai. Mu ma muna da irinsa, auren kisan wuta, kuma malamai sun hana shi. Sai dai ba mu taɓa cewa duk auren da ya mutu na kisan wuta ne ba. Niyyar ranar ɗauri ake dubawa, ba tsawon zama ba. Aure na gaskiya yana mutuwa a wata 8, na ƙarya yana iya kai shekara 4 daidai, tunda masu shi kalanda suke kallo. Ke nan awo da shekaru ya fi kama mai gaskiyar da aurenta ya lalace, ya bar mai wayo ya wuce.

Su ma sun ga ɓarakar. Amurka ta yi doka a 1994 wadda ta ba wadda ake duka damar neman takarda da kanta, kuma ko an rabu ana iya sauraron wanda ya nuna auren na gaskiya ne. Faransa ma ta keɓe waɗanda aka ci zarafinsu. Madalla. Amma wadda ba a doke ta ba, an dai daina yi mata magana, an ɓoye fasfo ɗinta a akwati, wace shaida za ta kai?

Suratul Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta tana cikin idda. Abin da na fahimta shi ne, rabuwa tana halatta, tozartawa ba ta halatta. Ra'ayina ke nan: in aure ya tabbata na gaskiya ne, mutuwarsa kada ta taɓa takardar zama. Mu kuma nan gida, kafin a yi guɗa a raka yarinya filin jirgin Yamai, waliyyinta ya tambayi abin da ya fi sadaki: in zama ya ƙi, takardar da ke hannunta tata ce, ko aro ce?