AJIYA KO JIBGI? TUNANI A KAN KWASHE HOTUNA DAGA WAYA

Hausawa na cewa ajiya maganin wata rana. To, amma ba duk abin da aka jibge a ɗaki ne ake kira ajiya ba. Wannan shi ne abin da nake so mu ɗan tattauna da mai karatu, ta hanyar duba wani ƙaramin aiki da masu wayar hannu kan yi, wato kwashe hotuna daga waya zuwa kwamfuta.

Aikin dai ba shi da wuya. Mutum zai haɗa wayar da kwamfutar da kebul ɗin USB, ya ba da izini a kan wayar, ya buɗe folda mai suna DCIM, ya kwafe abin da ke ciki. Kafin shayi ya huce, hotuna dubu sun yi ƙaura. Wannan sauƙin ne ya hana mu tsayawa mu tambayi kanmu tambayoyi biyu: me muke adanawa, kuma na wane ne?

A zamanin kyamarar fim, nadi ɗaya hoto 24 ne ko 36, kuma sai an biya kuɗi an wanke kafin a ga abin da aka ɗauka. Saboda haka mai hoto ba ya danna kyamara sai ya yi tunani, wanda za a ɗauka kuma sai ya yi wanka ya sa rigarsa ta kirki, ya tsaya da saninsa da yardarsa. A shekarar 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim, wadda takan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kaset. Zuwa 1999 da 2000 an fara sayar da wayoyi masu kyamara a Japan. Daga nan hoto ya zama kamar kyauta. Zaɓen da a da ake yi kafin ɗauka, yanzu sai bayan ɗauka, in ma an yi shi ke nan. Ranar kwashewa kuwa ita ce ranar da ta fi dacewa da wannan zaɓe, domin a ranar ce hotunan duka suke bi ta hannun mai su.

Mu ɗauki tambaya ta farko. Masanin falsafar nan na Girka, Aflatun, ya kawo labarin wani sarkin Masar da aka gabatar wa fasahar rubutu a matsayin maganin mantuwa. Sarkin bai yarda ba, domin a ganinsa mutane za su dogara da abin da ke rubuce, su daina wahalar da zukatansu wajen tunawa. Wata malamar jami'a a Amurka, Linda Henkel, ta gwada irin wannan a kan hoto, aka buga sakamakon a 2014. Ta kai ɗalibai gidan adana kayan tarihi, ta gano cewa abubuwan da suka ɗauka a hoto ba su tuna su sosai ba kamar waɗanda suka tsaya suka kalla da ido. Amma da suka matso da kyamarar kan wani sashe na abin, suka lura da shi, tunawar ba ta ragu ba. Ashe laifin ba na kyamara ba ne, na rashin lura ne. Wanda ya kwashe hotuna dubu biyar bai buɗe ko ɗaya ba, bai adana tarihinsa ba, ya dai sauya wa mantuwa ɗaki.

Bugu da ƙari, shi ma sabon ɗakin ba na dindindin ba ne. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar ɗimbin waƙoƙi da hotuna da bidiyon da jama'a suka ajiye masa tsawon shekaru, kuma a wajen kwashe su daga wasu na'urori zuwa wasu ne abin ya faru. In haka ta sami babban kamfani, ina ga kwamfutar da ke kan teburin ɗayanmu? Abin da ya cancanci ajiya ya cancanci a sa shi wuri biyu, a rubuta masa suna da shekara, wasu ma a buga su a takarda.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Waya taka ce, amma fuskokin da ke ciki ba naka ba ne. Akwai matar maƙwabci da aka ɗauka wajen biki tana tsakiyar cin abinci, akwai majinyacin da aka ɗauka a gadon asibiti, akwai yaran mutane. Sau da yawa hoton yana ɗauke da rana da lokaci, wani lokacin har da wurin da aka ɗauke shi. Idan ka zuba duk wannan a kwamfutar ofis, ko ka miƙa wayar a shago domin a kwashe maka, ka ba da abin da ba ka mallaka ba. Kwafi ba kamar ba da aron littafi ba ne, da za ka karɓo abinka ka san ya dawo. Ko an goge hoto, sau da yawa mai sani zai iya dawo da shi. Magana zarar bunu ce, in ji magabata. To, hoto ma haka yake.

Wani zai ce ai gara a ajiye duka, domin ba a san wanda zai yi daraja gobe ba. Yana da gaskiyarsa. Sau da yawa hoton da bai fita sosai ba shi ne yakan zama na ƙarshe da aka ɗauki wani dattijo. Don haka ba kyawun hoto ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne: wannan hoton zai gaya wa jikokina wani abu? Kuma wanda ke ciki, in ya gan shi a hannun baƙo, zai yi murna ko zai sunkuyar da kai? Na farko ya tsaya, na biyun kuwa a mayar wa mai shi ko a share.

Mace ba ta zuba hatsi a buhu sai ta sheƙe, ta raba tsaba da ƙaiƙayi. Idan ranar kwashe hotuna ta zo, mai karatu, ka sami lokaci ka zauna, ka kira iyalinka, ku buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ka gaya wa yara wane ne wannan, a ina ne, wace shekara ce. Kwamfuta za ta riƙe hoton, amma sunan mutumin da mutuncinsa, kai ne za ka riƙe su.